Allon da Ka Bari Kan Buhun Gero

Tambuwal,
bayan sallar la'asar.

Zuwa ga Likitan Shanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a Kebbe da ƙafafunka biyu a ƙasa, da yatsunka cikakku, da kanka bisa wuyanka yana waige-waige. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare hanyar da ka bi da wadda ba ka riga ka bi ba. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba zan ba ka ba, gida yana nan inda ka bar shi.

Ka ga na kira ka Likitan Shanu. Ka yi haƙuri da shi. Kai ne ɗan fari, mu kuma mun tashi a gidajen da ba a kama sunan ɗan fari, shi ya sa tun kana rarrafe kake amsa "kai" da "wancan" da "yaron nan". Yanzu da ofishinku ya ba ka aikin bin rugage kana yi wa dabbobi allurar rigakafi kana shigar da su cikin na'ura, na samu sunan da zan riƙa kiranka da shi bakina bai yi nauyi ba.

Sahabi ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, zai miƙa maka ƙunshi tare da takardar. Kafin ka kwance bari in gaya maka abin da ke ciki. Allon bugawa ne, kibod ɗin nan mai igiya da aka haɗa maka da kwamfutar aikinka, wanda ka bari kan buhun gero a zaure ka ce nauyi ne kawai. A kansa zan yi magana, kuma zan daɗe, don haka ka nemi inuwa.

Ka tuna ranar da ka kawo kwamfutar gida. Abu mai kauri kamar bulo, launin ganyen da ya fara bushewa, ga mariƙi irin na akwati, kowace kusurwa an naɗe ta da roba. Ni na sa mata suna Kunkuru. Ka sake ta daga kan gado ta faɗi ƙasa, ka ɗauka ka buɗe, tana nan da ranta. Ka karɓi butar alwalata ka kwarara mata ruwa, ko tari ba ta yi ba. Innarka ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, wagga aba ba ta mutuwa!" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma a raina cewa nake yi: waɗanda suka ƙera ta sun zauna sun yi tunanin duk abin da zai iya samunta, ruwa da rairayi da faɗuwa daga babur. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin abin da zai iya samun mai ɗauke da ita.

Daga nan ka zauna kan tabarma ka fara gwada aiki, ni kuma na zauna ina kallonka. Madannan da ke jikinta na taɓa su. Roba ce mai tauri, an matse su wuri ɗaya don kada ruwa ya shiga, sai ka danna da ƙarfi kamar mai kashe kaska. Sai na ga ka duƙa, hancinka ya kusa taɓa gilashi, kana tsattsaga da yatsu biyu kamar kaza a bakin rumbu. Kai da na koya wa bugu kana yaro, na rufe maka hannuwa da ɗankwalin innarka har ka iya buga shafi guda kana kallon bishiyar darbejiya! Na tashi a hankali na ɗauke takalmanka da ke gefen tabarmar na kai su bayan randa. Ba ka gani ba. Innarka ta zo ta ɗauke kwanon furarka ta sa fanko a wurinsa. Ba ka gani ba. Akuyar maƙwabta ta shigo ta zagaye ka ta fita. Da ka gama ka ɗago kana tambayar wa ya ga takalmanka, ƙannenka suna ta birgima don dariya. Ni ban yi dariyar nan ba.

Don ka san inda za ka. Ka san abin da ake faɗa game da dajin da ke bayan Kebbe, ba sai na rubuta ba. Kuma ka dubi Kunkuru da idon mutumin ƙauye: wa ya taɓa ganin irinta in ba a hannun soja ba? Kalma ɗaya ce take kashe mutum a wuraren nan yanzu, infoma. Masu bindiga in sun ji labarin wani baƙo yana yawo da akwatin soja yana rubuta sunaye, za su ce ɗan rahoton hukuma ne. 'Yan sa-kai in sun ga kana kwana biyu kana shiga rugage, za su ce ɗan rahoton daji ne. Kai kuma kana tsakiya, kanka a duƙe, kana neman inda harafin K ya ɓuya.

Na san wannan duƙawar, don na yi ta. Lokacin ina saurayi ina buga tafireta a ofis, an tura ni wani ƙauye bayan Jabo in rubuta sunayen manoman da za a ba taki. Abin alheri fa na kai musu. Na isa da fararen kaya, na sa aka fito mini da tebur da kujera daga makaranta, na ɗora tafireta, na zauna sama, dattawan gari suna ƙasa kan tabarmi. Ina tambayar mutum sunansa da na ubansa da girman gonarsa, ban dube shi ba, idona na kan takarda don kada in yi kuskure ogana ya yi faɗa. Su kuwa abin da suke gani bayan ƙarfe ne da ƙeyar takarda, suna jin ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana ƙera musu wani abu. Ashe magana ta zagaya cewa sabon haraji ne, wasu suka ce gonaki za a karɓe. Ban ji lokacin da hayaniya ta mutu ba. Ban ga lokacin da mata suka janye yaransu ba. Na kira na gaba, shiru. Na sake kira, shiru. Da na ɗaga kai, dattawan nan babu ko ɗaya, samari ne zagaye da ni, kowa da sanda.

Limamin garin ne ya ratso su. Tsoho ne gajere, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, mi kaka rubutawa bisa gare mu?" Na fara bayani. Ya ce, "A'a, ba bakinka nika tambaya ba. Sauko ƙasa. Juyo da ƙarhen nan mu ga cikinai." Na sauke tafireta kan tabarma, na zauna kusa da shi kafaɗa da kafaɗa. Bai iya boko ba, ko harafi ɗaya. Amma ya sa na buga sunansa yana kallo, ya ga ƙarafan suna tashi suna sauka, ya sa na karanta masa, ya ce, "To, wanga dai ni na." Samari suka fara jingina sanduna. Kafin yamma har fura aka dama mini.

A wancan zamanin sanda ce, Likita. Sanda tana ba mutum lokaci liman ya iso.

To ga amfanin allon nan. Kunkuru in ka buɗe ta, murfinta katanga ne tsakaninka da mai dabbobi. Kai kana ganin ciki, shi yana ganin baya, kuma ba za ka iya juya masa fuskarta ba tunda yatsunka na jikinta. Amma in ka soka igiyar allon, ka rabu da ita. Ka ajiye ta kan tabarma, fuskarta tana kallon mutumin, ka zauna gefensa, allo bisa cinyarka. Madannansa manya ne irin na tafireta, kuma na shafa na ji 'yan ƙurajen nan biyu suna nan a kan F da J. Ka ɗora manuniyoyinka a kansu, sauran yatsu sun san gidajensu. Shi yana kallon gilashi yana ganin sunansa na fitowa, kai kuma idonka ya samu 'yanci. Ka dubi fuskarsa. Ka dubi hanya. Ka dubi wa ya zo, wa ya tashi, wa ya koma bayan bukka da waya a kunne. In ka ga mata sun fara kiran yara, ko ka ji tsit ya sauka a wurin da ake hira, kada ka tsaya ƙarasa layi. Layi zai jira.

Abu ɗaya dai: mai shanu ba ya son a faɗi yawan shanunsa da ƙarfi, ko a gaban ɗan'uwansa. Kakanninsu sun sha wuyar jangali, su kuma suna shan wadda ta fi ta a hannun ɓarayin shanu. Saboda haka fuskar Kunkuru ta kalli mai dabbobin shi kaɗai, ba taron jama'a ba. In ka zo wurin adadi, ka nuna masa da yatsa ka yi shiru. Lamba kowa ya san ta yanzu, albarkacin waya. In ya gyaɗa kai, ka wuce.

Wataƙila ka ce, to ai sai in ɓoye ta cikin jaka, in bar allon kawai a waje, igiya ta shiga ta ƙarƙashi. Na san za ka yi wannan tunanin don jinina ne a jikinka, kuma ni na riga ka yin sa. Bayan abin da ya faru bayan Jabo, sai na ce na yi hankali. Da aka sake tura ni wani gari, na naɗe tafireta cikin buhu, na roƙi ɗaki a gidan mai gari, ina tambayar mutane a waje in koma ciki in rufe ƙofa in buga. Ai ban san na ƙara wa wuta itace ba. Abin da ake ji daga bayan ƙofa ya fi abin da ake gani girma. Wata tsohuwa ta rantse ta ji ƙarfen yana amsa mini. Wani ya ce da Kaduna nake magana. Mai gari ya kira ni gefe ya ce, "Malam akawu, don Allah ka tashi tun da rana. Ban iya tsare ka, ban kuma iya tsare gidana." Na bar garin aiki rabi, ana leƙena ta kan danga. Kakata mai ba mu tatsuniya takan ce mana kada mu ji tsoro har sai an zo wurin da aka rufe ƙwarya da faifai, kuma gaskiyarta, duk abin tsoron da ke cikin labaranta a rufe yake zuwa. Kada ka rufe Kunkuru. Ka shigo gari da ita a fili, ka fara kai ta gaban mai gari ko arɗo, ka buɗe, ka miƙa masa allon ya danna da kansa. Dattijon da ya buga harafi ɗaya da yatsansa ya gan shi ya fito, shi zai kare ka a bayan idonka.

Kuma na ji abokin aikinka, wannan mai gilashin ido da ya zo ɗaukarka, yana cewa akwai wani allo na zamani marar igiya, mai 'yar fitila shuɗiya tana ƙiftawa, ya fi sauƙin ɗauka. Ina roƙonka da girman Allah kada ka karɓa ko kyauta ne. Sahabi ya gaya mini abin da ake cewa a tashar babura: duk abin da ke ƙifta shuɗi ba igiya, jirgin yaƙi yake kira. Ni da kai mun san ba haka ba ne. Amma ba ni da kai za ka tarar a daji ba. Igiya ko jariri ya gane ta, ta fito daga nan ta shiga can, magana ta ƙare. Ka bar mutane su bi ta da ido, har da hannu in suna so.

Tunda na zo kan igiya, bari tsohon akawu ya yi ɗan iyayi. Ramin da ake soka ta yana da murfin roba, na ga ka ɓalle shi da farce. Duk taurin Kunkuru a murfin nan yake. Muddin yana buɗe, ta nan ruwa da rairayi za su shiga, ta zama kamar kowace kwamfuta. In ka gama ka cire igiya, ka mayar da murfin ka danna har ka ji ya zauna. Ka cire ta ta kai, kada ka fizgo ta daga tsakiya. Kada ka hau babur tana soke, gargadar hanyar Kebbe za ta karya bakin a ciki, ka rasa allo ka rasa rami. In allon yana zamewa daga cinyarka ka ari faifai ko tire ka ɗora, ba gidan da za a hana ka. Shi allon ba kunkuru ba ne, ɗan gata ne, ruwa kaɗan zai kashe shi, ka riƙa kife shi kana kaɗewa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin, ita na yi ta zagayawa.

Ka san ɗan ƙaramin yatsana na hagu da ba ya lanƙwasuwa. Kuna yara kuna ja kuna dariya, na ce muku ƙofa ce ta datse shi. Ba ƙofa ba ce, na dai gaji da ba da labarin ne. Da damina ne, a hanyar nan da kake bi yanzu, mun iso wani rafi ya ciko. Mutanen wurin suka ce in jira ruwa ya faɗa. Na ce ana jirana a ofis. Na ɗora tafireta a ka na shiga. A tsakiya ruwa ya ɗauke ƙafafuna. Wani Bafulatani a bakin gaɓa yana miƙo mini sanda yana ihu, "Saki ƙarhen! Saki ka kama!" Ni kuwa abin da ke cikin kaina shi ne na sa hannu na karɓe ta, kayan hukuma ne, me zan ce wa oga. Na rungume ta da hannu biyu ruwa yana wasa da ni, har ya maka ni da saiwar wata bishiya, yatsan ya shiga tsakanin ƙarfe da itace. Da aka jawo ni ina aman ruwa, mutumin nan ya dube ni ya dubi tafireta ya ce, "Wagga ɗiyarka ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To kai mahaukaci na."

Yatsan nan shi ke buga harafin a. Ka san kuwa Hausa ba ta tafiya sai da shi. Har na bar aiki duk takardar da ta fito daga hannuna ana gane ta, don harafin a ɗinta a dushe yake kamar mai jin kunya. Tafiretar kuma da na kusa mutuwa dominta, tsatsa ta cinye ta kafin kaka. Na gan ta daga baya a ƙarƙashin matakalar ofis, kazar maigadi tana ƙwai a ciki.

Saboda haka ka ji ni da kyau. In Allah Ya ƙaddara an tare ku a hanya, kuma ina roƙon kada Ya ƙaddara, ka ajiye Kunkuru a ƙasa tun ba a tambaye ka ba, ka ja da baya, hannuwanka a fili. Ka ce kai mai allurar shanu ne, ga kwalabe, ga sirinji. Kada ka ce kayan ofis ne. Kada ka ce aikin wata guda na ciki. Tun yanzu ka tambayi oganku yadda ake kulle ta don kada sunayen bayin Allah su faɗa hannun da bai kamata ba, ka riƙa kullewa kafin kowace tafiya, saboda ranar nan kada ka sami dalilin riƙe ta ko na ƙiftawar ido. An yi ta don ta jure faɗuwa. Kai ba a yi ka haka ba, ni na san da abin da aka yi ka.

Ban ɓoye maka ba, allon nan ya kwana biyu a gidan kafin in yanke shawarar aiko shi. Da innarka ta gan shi kan buhu, ɗauka ta yi ta kai ɗaki ta sa ƙarƙashin filo. Na ce a nemi Sahabi. Ta ce, "Malam, bar shi nan. In ya ga aiki ya ƙi, shina dawowa shi ɗauka, mu gane shi." Wallahi na so maganarta. Na yi ta jin daɗinta har wayewar gari biyu, ina kasa kunne ko zan ji babur ya tsaya a ƙofa. Sai na zauna na yi lissafin da ba na so: in ka dawo dominsa, ka bi hanyar nan zuwa, ka sake bin ta komawa, duk don mu ga fuskarka mu ji sanyi. Na ce mata, "Kin fi son ki gan shi yau, ko ki riƙa ganinsa?" Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, ta yanka tsohon zanenta mai furanni ja, ta ɗinka wa allon riga, ta ɗinka wa Kunkuru ma tata, mai buɗaɗɗen baki yadda kowa zai ga abin da ke ciki. Ta ce soja dai ba ya yawo da zanen tsohuwa. Na san abokanka za su yi maka dariya. Ka sa mata rigar, su yi ta yi.

Don haka kada ka zo. Ko ka ji kewar tuwon gida, kada ka zo sai ranar da ofis ya sallame ku gaba ɗaya, ku taho cikin jama'a da rana tsaka.

Kafin in ɗaure ƙunshin na yi wani abu, in gaya maka ka yi dariya. Na zauna a zaure na ɗora allon bisa cinyata, igiyarsa tana reto ba ta shiga ko'ina ba. Na nemi ƙurajen nan biyu na samu. Na ɗaga kai ina kallon ƙofar da ka fita, na buga sunanka. Sunanka na yanka, wanda liman ya faɗa ranar suna, wanda bakina bai taɓa kamawa ba tun ranar. Na buga shi cikakke, da yatsan nan mai taurin kai da komai, na sake bugawa. Ba gilashi, ba takarda, ba wanda ya gani sai Wanda nake roƙo. Innarka ta leƙo ta ce, "Mi kaka rubutu, Malam?" Na ce ƙura nake kaɗewa. Ta tsaya ta dubi yatsuna, ita da ba ta san boko ba, ta ce, "Ƙara kaɗe ta sau guda, don ni."

Yana nan cikin madannan. In ka ɗora yatsunka, ka ɗaga kanka.

Allah Ya rufe ka da rufinsa, Ya makantar da idon mugu daga gare ka, Ya buɗe naka. Ya sa ka shiga kowace ruga da sallama ka fita da sallama. Ya dawo mana da kai ta ƙofar da ka fita, da Kunkuru ko ba Kunkuru. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
tsohon akawu mai harafin a a dushe.